Kukan Keke Bayan An Kashe Inji

Tun da aka hana hawan babur a Maiduguri cikin 2011, Keke Napep, wanda mutanen Ikko ke kira Keke Marwa, shi ke ciyad da gidaje da dama a Abbaganaram.

To, keke mai injekta yana da wata ɗabi'a. In an canja masa maƙogwaron iska, sai a zare makulli amma a ji yana ƙugi ƙasa-ƙasa. Wani ɗan injin lantarki ne ke komawa mazauninsa, nan da nan zai yi shiru. Wannan bai kai a ba makanike ko kwabo ba.

Amma in ƙugin ya ƙi tsayawa, watau wuta ba ta yanke ba. Sai a duba soket da waya tun da dare, don batir na iya mutuwa kafin asuba, fasinjan Kasuwar Monday kuwa ba ya jira.