Ƙurajen fuska masu raɗaɗi: gaskiya da ƙarya kan ciwon rozasiya

Rozasiya ciwon fata ne da ke kama kumatu, hanci, goshi da haɓa. Yakan lafa ya sake tashi, kuma galibi bayan shekara 30 yake farawa. A gari mai zafi kamar Yagoua ta Kamaru, masu shi sun fi jin jiki a Maris da Afrilu. Ga abin da ake faɗa a kansa da kuma yadda lamarin yake.

An ce ciwon Turawa ne. Ba haka ba ne. A farar fata jan ya fi fitowa, shi ke nan. Mai baƙar fata ji yake yi fuskar na raɗaɗi, wurin ya yi duhu ko ya kumbura, ƙananan ƙuraje su feso. Shi ya sa ake ɗaukarsa ƙurajen balaga, a shekara ana shafa abin da ba maganinsa ba.

An ce ana ɗauka. Ƙarya ne. Haɗa ƙwarya, tawul ko shimfiɗa da mai shi ba ya sa wani ya kamu. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, dirzar fuska da soso ma ƙara fusata shi take yi.

An ce na mashaya giyar bil-bil ne, musamman idan hancin namiji ya yi kauri. Giya na tayar da shi, amma wanda bai taɓa kurɓa ba ma yana kamuwa.

An ce rana da barkono na tayar da shi. Wannan gaskiya ne, har da shayi mai tururi, zafin murhu da ɓacin rai. Mai wuni a gonar shinkafa a bakin kogin Logon ya sa malfa.

An ce man shafawa na tub da ake sayarwa a kasuwa yana warkar da shi. Nan ne babban haɗarin. Da yawansu na ɗauke da kilobetasol ko betametason. Kwana kaɗan fuska ta yi sumul, da an daina sai ƙurajen su dawo fiye da da, fata ta yi siriri. Irin wannan mai, da kansa yana haifar da ciwo mai kama da rozasiya. A Agustan 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ta haramta kayan shafa masu sinadarai irin su haidurokinon da makuri, amma haramci bai hana mai saye tambayar man shafawa "mai sa haske" ba.

An ce ba shi da magani. Ba a tumɓuke shi gaba ɗaya, amma ana shawo kansa. Likita kan rubuta metironidazol na shafawa ko ƙwayar dokisisaikilin, wadda mai ciki ba ta sha. Sai an yi makonni kafin a ga sauyi.

Idan ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, ko ƙurajen suka zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a je asibiti da wuri, a kuma tafi da duk man da ake shafawa likita ya gani.