Me ya sa kayan Aldi suke da araha haka?

Yau zancen Aldi ne, kantin Jamusawan nan da ɗalibanmu na Ingila suka mayar gida. Wasu na cewa araha ba ta ado. To, a nan dai ba a ingancin kaya aka rage ba, a ɗawainiya aka rage. Yawancin kayan tambarinsu ne na kansu, ba kuɗin suna kake biya ba. A kwali ake jera su. Keken sayayya ma sai ka saka fam 1, ka mayar da shi da kanka ka karɓi kuɗinka. Ka ga an rage ma'aikata.

Ni cakuletinsu Moser Roth ne ya gama da ni, wallahi. Amma citta, barkono da buhun shinkafa, leƙa shagon 'yan Pakistan tukuna, ka gwada farashin kilo ɗaya a nan da can.