Yekini da Ma'azu: Yawan Ƙwallaye ko Nauyin Ƙwallo Ɗaya?

A fadojin Dakoro, in hirar tamaula ta yi zafi a bakin butar shayi, dattawa kan kira Rashidi Yekini, samari su ce Musa Ma'azu.

Yekini haifaffen Kaduna ne a 1963, a nan ya fara wasa da UNTL. Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya. A 1993 ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka, sannan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin Afirka ta 1992 da ta 1994. A Dallas, cikin 1994, Finidi George ya miƙo masa ƙwallo ya tura ragar Bulgeriya, ya bi ta har ciki, ya damƙe raga da hannu biyu yana girgizawa yana ihu. Ita ce ƙwallon Najeriya ta farko a gasar duniya.

Ma'azu kuwa ɗan Yamai ne, an haife shi a 1988. Daga ASFAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam, sai CSKA Mosko, sai Monako da Bordo. Ya yi yawo ƙwarai, amma bai zauna wuri guda ya yi ɓarin ƙwallaye kamar yadda Yekini ya yi a Setubal ta Fotugal ba, inda ya ci 21 a kaka ɗaya. Sai dai a Oktoban 2010, a filin Janar Seyni Kountché, ya ci Masar ɗaya da nema, alhali sau uku a jere tana ɗaukar kofin Afirka. Makin ranar ya taimaka wa Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, ta samu shiga gasar 2012, karo na farko a tarihinta.

Idan gwanintar gaban raga ake aunawa, Yekini ya yi wa Ma'azu fintinkau, babu musu. Amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya: a zamaninsa Yekini yana da Okocha da Amokachi da Oliseh a bayansa, Ma'azu kuwa sau da dama shi kaɗai aka riƙa bari a gaba ana cilla masa doguwar ƙwallo.

Don haka na ba Yekini girman ɗan wasa, na ba Ma'azu girman hali. Yaron Dakoro mai son lamba tara yana bukatar su duka: nacin Yekini na shekara da shekaru, da zuciyar da ta hana Ma'azu jin tsoron Masar.