Filta Mai Maƙalewa a Bakin Lensi: Ƙaramar Matsala Mai Cin Jarin Masu Ɗaukar Hoto a Keffi

Keffi, Jihar Nasarawa — Sana'ar ɗaukar hoto a garin Keffi tana tafiya ne da lokuta. Akwai makonni uku da masu yi wa ƙasa hidima ke yi a sansaninsu na Magaji Ɗan Yamusa, akwai bikin rantsar da sababbin ɗalibai da na yaye tsofaffi a Jami'ar Jihar Nasarawa, sa'an nan ga hawan salla da bukukuwan aure. A irin waɗannan ranaku ne mai hoto ke haɗa abin da zai riƙe shi na tsawon watanni, kuma a cikinsu ne kayan aikinsa suka fi shan rana da ƙura. Daga cikin matsalolin da kan tsayar da aiki a tsakiyar ciniki akwai wadda mutane ke rainawa, wato maƙalewar filta a bakin lensi.

Filta wani faifan gilashi ne mai zobe da ake murɗawa a gaban lensin kyamara. Wani don kare gilashin lensi daga ƙura da karce ake sa shi, wani don kashe ƙyalli, wani kuma don rage haske lokacin da rana ta take. Muddin yana fita yana shiga, babu damuwa. Amma ran da ya tsage, ko ƙura ta shige tsakaninsa da lensi, ko kuwa aka baro fili aka shiga ɗakin taro da filta mai rage haske a maƙale, to kowane hoto da aka ɗauka zai fito da aibi, mai biki kuwa ba ya biyan kuɗin uzuri.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne tsadar kaya. Kyamarori da lensuna daga waje ake shigo da su, galibi ƙirar kamfanonin Japan irin su Canon da Nikon da Sony. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza Dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma; a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Saboda haka lensin da mutum ya lalata da hannunsa garin cire filta, sayen madadinsa ya zama babban aiki, alhali shi filtan kansa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta.

Dalilin maƙalewar yana cikin ƙirar zoben. Haƙoran murɗinsa, waɗanda suke kamar na noti, ƙanana ne ƙwarai. Tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori a yawancin filtoci milimita 0.75 ce kacal. Ƙwayar yashi guda ta hunturu ta isa ta cije su. Bugu da ƙari, mafi yawan zobban masu sauƙin kuɗi da alminiyam ake yinsu, shi kuwa alminiyam idan ya gogi ɗan'uwansa da ƙarfi yakan kama shi. Shi ya sa kamfanonin Jamus irin su B+W da Heliopan suka yi suna da zobban tagulla, waɗanda ba su cika cijewa ba. Sauran dalilan su ne ɗaurewa fiye da kima, da shigar da zoben a karkace cikin gaggawa, da kuma faɗuwar kyamara a kan bakinta, wadda kan lanƙwasa zoben ko da gilashin bai fashe ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne matse zoben da yatsu biyu a murɗa da iyakar ƙarfi. Zoben siriri ne, matsi daga gefe biyu yakan mai da shi siffar ƙwai, sai haƙoransa su ƙara nutsewa cikin na lensi. Wato gwargwadon ƙarfin da aka sa, gwargwadon yadda zai ƙara kamawa. Abin da ake bukata shi ne riƙon da ya game da'irar duka. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa roba mai tsabta a kan tebur, ko da yankin tsohuwar robar cikin tayar babur ce, a kifa bakin lensin a kanta, a danna kaɗan, a juya jikin lensin a hankali. Robar ɗaure kuɗi mai faɗi da aka zagaya wa zoben ita ma tana ba yatsu abin kamawa ba tare da matsi ba. Akwai kuma maɓallin cire filta na roba mai tauri da ake sayarwa bibbiyu, gwargwadon faɗin bakin lensi, kamar milimita 52 ko 58 ko 77. Idan mutum yana fuskantar gilashin, zoben yana kwancewa ne saɓanin tafiyar hannun agogo. A filta mai kashe ƙyalli kuwa zobba biyu ne, na gaba yana juyawa ne kawai ba ya kwancewa, don haka na baya ake kamawa.

A nan ne ya kamata a yi hattara da ƙananan lensunan da ke zuwa tare da kyamara, musamman tsofaffin ƙirar 18-55, waɗanda da yawa daga masu fara sana'a ke amfani da su. A cikinsu akwai waɗanda bakinsu ke juyawa tare da injin daidaita hoto. Idan aka murɗa filta da ƙarfi ba a riƙe bakin ba, ƙarfin yana sauka ne a kan ƙananan giyoyin roba na ciki, sai a cire filta a rasa lensi. Dole a riƙe sashen gaban da kansa, a kuma cire lensin daga jikin kyamara kafin a fara.

Sanyi yana taimakawa, amma da sharaɗi. Zoben filta a cikin bakin lensi yake shiga, don haka idan shi kaɗai ya yi sanyi zai ɗan tsuke ya saki. Zoben alminiyam mai faɗin milimita 77 da zafinsa ya ragu da digiri 20 yakan tsuke da kimanin milimita 0.035, abin da ido ba ya gani amma sau da yawa ya isa. Kifa bakin a kan ledar ruwan sanyi da aka rufe da busasshen ƙyalle na 'yan mintoci ya fi jefa lensin gaba ɗaya cikin firji, domin bakin lensi na roba ya fi ƙarfe tsukewa, ga kuma raɓa da kan kwanta a cikin gilasai idan aka fito da shi cikin zafin Keffi, daga baya ta haifar da funfuna. Man inji da kananzir kuwa ba su da wuri a wannan aiki ko kaɗan. Sukan bi haƙoran su gangara har cikin gilasai.

Idan zoben ya lanƙwashe, sai dai a sadaukar da filtan. Mai gyara yakan cire gilashinsa, ya rufe fuskar lensi da kwali ko ƙyalle, ya yanka tsagi biyu masu fuskantar juna a bakin zoben da ƙaramin zarto ko magagari, ya sa rula ta ƙarfe a ciki ya juya. Ko kuwa ya lanƙwasa zoben zuwa ciki da filaya har ya rabu da haƙoran. Garin ƙarfe da ɓarɓashin gilashi suna karce lensi nan take, shi ya sa wannan mataki ya fi dacewa da hannun gwani. Abuja tana da nisan kusan kilomita 50 daga Keffi, kuɗin mota zuwa can da ladan gyara kuwa ba su kai asarar lensi ba.

Ga mai sayen kayan hannu, filtan da ya ƙi fita abin lura ne kafin a biya kuɗi, domin yana iya zama alamar cewa lensin ya taɓa faɗuwa, dalili ne kuma na neman ragi. Shi kuwa mai kaya, goge haƙoran da buroshi mai laushi bayan aikin fili, da shafa musu bakin fensir kaɗan, da tsayawa da murɗi da zarar zoben ya zauna, su ne ke sa ya fita da yatsu a lokacin hunturu mai zuwa.