Duwatsun Ado a Ƙasar Daura: Sunayensu da Asalinsu

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe, duk wani ɗan abu mai huji da ake zurawa a zare don ado sunansa dutse, ko da kuwa da gilashi aka yi shi ko da roba. Mace takan ce ta sayo duwatsun wuya, alhali kuwa babu dutse ko ɗaya a cikin abin da ta riƙo. Wannan ɗabi'a ta harshe ita ce tushen wannan maƙala. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sunayen duwatsun ado sun fi duwatsun kansu daɗewa: suna yakan tsaya yadda yake, amma abin da ake kira da shi ya yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani. Saboda haka manazarcin da ya dogara da suna kaɗai yana iya ɗaukar gilashin jiya a matsayin kayan tarihi, ko kuma ya raina dutsen da ya shekara ɗari biyar.

An zaɓi ƙasar Daura, watau Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, domin kuwa ƙasa ce ta jigawa da rairayi, nesa da teku, nesa kuma da inda ake sassaƙa irin waɗannan duwatsu. Kusan duk abin da matan Daura suka rataya a wuya baƙo ne, ayari ne ya kawo shi. Garin yana kan hanyar da ta haɗa Kano da Damagaram, wadda ta zarce Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus.

2.0 Shaida Daga Ƙarƙashin Ƙasa

Shaida mafi tsufa da ake da ita a wannan yanki ta fito ne daga Durɓi Takusheyi, cikin ƙasar Mani ta masarautar Katsina, maƙwabciyar Daura ta yamma. A nan ne kusheyin da ake dangantawa da sarakunan Durɓawa suke, waɗanda tarihin baka ya ce zuriyar Kumayau ne, ɗan Bawo, jikan Bayajida. Ke nan bisa wannan ruwaya gidansu reshe ne na gidan Daura.

Bature H. R. Palmer ya fara tona wasu daga cikin kusheyin a 1907, sa'an nan masana daga Jamus tare da na Nijeriya suka sake tona wasu a 1992. Daga baya an kai kayan birnin Mainz na Jamus, aka tsabtace su, aka bincika. An ƙiyasta cewa an yi waɗannan kusheyi tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Daga cikin abin da aka samu akwai jajayen duwatsun aƙiƙ, da duwatsun gilashi, da wuri, da mundayen tagulla, da na hauren giwa, da kayan zinariya, da kuma wani kwanon tagulla da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya.

Abu biyu wannan ya tabbatar. Na farko, tun kafin jirgin ruwan Turawa ya zama ruwan dare a gaɓar tekun kudu, kayan ado na nesa suna isowa wannan yanki. Na biyu, tun a wancan zamani ana haɗa dutse na ainihi da gilashi a jikin mutum ɗaya, kuma mutumin mai mulki ne. Saboda haka gilashi bai fara da zama kayan talaka ba.

3.0 Ire-iren Duwatsun da Asalinsu

3.1 Murjani

Kalmar murjani aro ce daga Larabci, kuma an ambaci murjani tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman, abin da ya ƙara masa daraja a idon Musulmi. Daga nan ne sunan Murjanatu ya samo asali. Murjani na ainihi ƙashin wasu ƙananan halittu ne da ke taruwa su yi rassa kamar itace a ƙarƙashin teku. Ja daga cikinsa a Bahar Rum ake tsamo shi, a gaɓar Italiya da Tunisiya da Aljeriya, a yanka shi, a huda, a goge. Fataken Gadamas ne suka riƙa sauko da shi ta hamada. Saboda tsadarsa, masu aikin gilashi na birnin Banis a Italiya da na Bohimiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu, suka shiga yin jan gilashi mai kama da shi. Shi ma da ya iso kasuwa murjani aka kira shi. Yau kuma akwai murjanin roba, da na farin dutse da aka rina.

3.2 Tsakiya

Tsakiya a asali dogon dutse ne mai huji daga wannan baki zuwa wancan. Mai daraja daga cikinta da aƙiƙ ake yin ta, watau wani dutse mai tauri wanda haske kan ɗan ratsa shi. Cibiyar wannan sana'a tun zamani mai nisa ita ce garin Kambai a yankin Gujarat na Indiya, inda ake gasa dutsen a cikin tukwane har ƙarfen da ke jikinsa ya mai da shi ja, sa'an nan a fasa, a sassaƙa, a huda. Daga Indiya yakan bi ta Makka da Alƙahira, ya shigo hannun fatake da alhazai.

A ƙarni na 19 sai garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga wannan ciniki. Masu sana'ar can sun riƙa samo ɗanyen dutse daga Barazil, suna rina shi, suna yanka shi bisa siffar da Afirka ke so. Har talhatana, wadda aka san Buzaye da ita, sun yi ta da yawa. Bayansu kuma Bohimiya ta fito da ta gilashi wadda ake zubawa a mazubi. A bakin 'yan mata na yau kalmar tsakiya ta faɗaɗa, ta haɗa har da ƙananan duwatsun da ake ɗinkawa a jikin mayafi da jaka da takalmi.

3.3 Lantana

Lantana jan dutse ne wanda haske ba ya ratsa shi. Shi kam na Afirka ta Yamma ne. Ana haƙo shi a kusa da Kogin Kwara, kudu da Yamai, fataken Hausa kuma su ne suka riƙa kai shi Katunga, tsohon birnin Oyo. Bayan faɗuwar Katunga a wajejen 1830 zuwa 1840, sana'ar ta koma Ilori. Can ake huda shi ta hanyar ƙwanƙwasa siririn ƙarfe a hankali, a kuma goge shi a kan dutsen niƙa. Aiki ne mai cin lokaci ainun, shi ya sa bai iya jure gasar kayan Turai ba, ya durƙushe a farkon rabin ƙarni na 20.

3.4 Gilashin Gida

Kuskure ne a ɗauka duk dutsen gilashi daga Turai ya zo. Binciken da aka yi a Igbo Olokun, cikin Ile-Ife, ya nuna ana narka gilashi ana yin duwatsu a wurin tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Haka kuma Masaga na Bida, a ƙasar Nufe, sun daɗe suna yin ƙarau da duwatsu, da farko da gilashin da suke haɗawa da kansu, daga baya kuma da fasassun kwalabe. 'Yan koli sun yaɗa ƙarau ɗin Bida a kasuwannin ƙasar Hausa.

3.5 Wuri

Wuri ƙwanson wata dabbar teku ce, kuma mafi yawan na dā daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ya fito. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. To, amma ga shi an same shi a Durɓi Takusheyi, ɗaruruwan shekaru kafin Sharefa. Hanyar daidaita waɗannan shaidu biyu ita ce a fahimci cewa wuri ya fara zuwa ne a matsayin ado, sai daga baya ya yawaita har ya zama abin ciniki. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ana canza liyari ɗaya na azurfa a kan wuri kamar 2,500. A cikin wannan ƙarni ne kamfanonin Jamus suka yi ta jibgo wani wuri daga Zanzibar, darajarsa ta zube. Da kuɗin Turawa suka kore shi daga kasuwa sai ya koma inda ya fito, watau ado da camfi: a kitson Fulani, a wuyan jariri tare da laya, a hannun masu duba da 'yan bori.

3.6 Jigida

Jigida ƙananan faya-fayai ne da ake shiryawa a zare a ɗaura a ƙugu. Ta dā baƙa ce, da ƙwanson ƙwarar kwakwar manja ake yin ta, saboda haka daga kurmi take zuwa. A ƙarni na 20 aka fara shigo da ta roba mai launi iri iri, yau kuma har da ta ƙananan duwatsun gilashi. Ita jigida wurin ɗaura ta ne ya riƙe mata sunanta, domin duk abin da aka ɗaura a ƙugu jigida ne.

4.0 Masu Sana'a da Masu Amfani

Hannu uku kayan nan kan bi kafin su zama ado. Ɗan koli shi ne mai kasa su a kasuwa tare da allura da madubi da kwalli, yana bin kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Maƙerin fari, mai aikin azurfa da tagulla, shi ke ƙera zobe da 'yan kunne da awarwaro da munduwa, shi ke kuma dasa dutse a kan zobe. A dā yakan narka liyari ne ya sami azurfarsa. Shiryawa a zare kuwa galibi aikin mata ne a cikin gida, dillaliya kuma ita ke shiga da su gida gida wurin matan kulle.

Duwatsun ado suna shiga lefe, suna kuma fitowa ranar suna da ranar biki, da lokacin Sallar Gani da Hawan Magajiya, inda Daura ke nuna adonta. Amma amfaninsu ya wuce kwalliya. Dukiyar mace ce ta ƙashin kanta, wadda miji ba shi da iko da ita, tana iya jinginar da ita ko ta sayar idan fari ko rashin lafiya ya matsa, idan kuma ta rasu a raba ta a gado. A nan ne rikicewar suna ke zama asara. Idan masu rabon gado ba su bambanta murjanin teku da na gilashi ba, wani magaji zai tafi da dukiya, wani ya tafi da fasasshiyar kwalba, duka biyu da sunan murjani.

5.0 Yadda Ake Bambancewa

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Dutse na ainihi yana da nauyi, yana da sanyi idan aka ɗora shi a kunci, kuma ba ya saurin ɗaukar ɗumin jiki. Tsohuwar tsakiya daga baki biyu ake huda ta, saboda haka sau da yawa hujin ba ya haɗuwa daidai a tsakiyarta, bakinsa kuma yakan side saboda gogar zare. Gilashin mazubi yakan bar siririn layi a gefe inda mazubin ya haɗu, wani lokaci kuma a ga 'yan kumfa a cikinsa. Murjanin teku yana da siraran jijiyoyi a tsaye, launinsa kuma ba ya zama bai ɗaya sak. Roba ba ta da nauyi, kuma allura mai zafi tana shigarta.

6.0 Halin da Ake Ciki

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙarasa karya cinikin hamada, kaya suka koma shigowa ta Ikko. Daga baya zinariyar Saudiyya da Dubai ta karɓe matsayin murjani a lefen masu hali, duwatsun Sin da Indiya kuma suka cika faifan ɗan koli. Ko da yake an ce araha ba ta ado, araha ce ta ci kasuwa. Bugu da ƙari, tun daga wajejen 1970 fatake, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka shiga bin garuruwan Afirka ta Yamma suna saye tsofaffin duwatsu suna kai wa masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka. Dutsen da ya bar gida ta wannan hanya yakan tafi ba tare da sunansa na Hausa ba, ba kuma tare da labarin wadda ta rataya shi ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa murjani da tsakiya da jigida kowannensu suna ne ɗaya da ya ɗauki abubuwa dabam dabam cikin ɗaruruwan shekaru, domin Bahaushe launi da siffa da wurin ratayawa yake dubawa wajen raɗa suna. Wannan ya ɗora wa masu nazari aiki iri biyu. Mai rubuta ƙamus bai kamata ya tsaya ga cewa murjani jan dutsen ado ne ba, sai ya bayyana abin da kalmar ta nufa a kowane zamani. Ɗalibin da zai shiga Daura ko Zango ko Ɓaure neman bayani kuwa, ya dace ya rubuta abu huɗu game da kowane dutse da aka nuna masa: sunan da mai shi ta kira shi, abin da aka yi shi da shi, wadda ta gada daga gare ta, da lokacin da ake sa shi. Tsofaffin mata da dillalai da maƙeran fari su ne ke riƙe da wannan ilmi, kuma da su ya kamata a fara.