A Tsare Kayan Tarihin Wurno Tun Da Sauran Lokaci

Duk wanda ya san labarin ƙasar Sakkwato ya san Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta ribaɗi, nan ya rasu cikin 1837, nan kuma hubbarensa yake.

To, abin da muke tsoro shi ne masu gini da masu gona. Mun ga yadda aka yi ta cin ganuwar Kano, wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya kafa shago, har wurare da yawa suka shafe.

Doka kuwa akwai ta. An yi dokar kayan tarihi cikin 1953, sa'an nan ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana a taɓa wurin da aka ayyana sai da izininta. Amma doka ba ta iya tsare abin da ba a auna ba, ba a rubuta ba.

Saboda haka muna roƙon hakimai da ma'aikata, daga Wurno da Rabah har Goronyo, su auna tsofaffin ganuwoyi da masallatai, su kafa duwatsun iyaka, su aika wa Hukuma. Malamai kuma su riƙa kai yara su gani. In aka bari suka rushe, jikokinmu sai labari.