Lambun Bayan Ɗaki: Mu San Abin Da Ke Shiga Tukunyarmu

A da, da wuya ka shiga gidan Bahaushe ba ka tarar da zogale a kusurwa ba, ko kabewa ta yi yaɗo a kan danga, ko 'yar gayaunar uwargida cike da rama da kuɓewa. Yanzu siminti ya cinye tsakar gida, har ganyen miya sai an je kasuwa. Abin damuwar shi ne ba mu san ruwan da aka raini abin da muke saye da shi ba, balle maganin da aka fesa masa.

A Kano akwai lambunan da ake shayar da su daga kogin Jakara da na Challawa, inda ƙazantar gari da ruwan masana'antun jima ke kwarara. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. A 2016 kuma tsutsar da aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, tumatir ya gagari talaka. Mai 'yar shuka a gida ya fi kowa kwanciyar hankali a irin wannan hali.

Ba sai kana da fili ba. Tsohon buhun shinkafa ko fasasshen bokiti ya isa. A huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyaye, a cika shi da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ajiye inda rana ke samunsa aƙalla awa 6. Alayyafo yana isa tsinka cikin kusan wata guda, kuɓewa ta fara 'ya'ya wajen wata biyu. Zogale kuwa reshe kawai za a yanko a kafa. Tumatir da salak sun fi son lokacin sanyi, rama da yakuwa kuma damina.

Sai dai a yi hattara, don shukar gida ma tana iya cutarwa idan aka yi ganganci. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A tara shi da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi warinsa ya tafi. Kada a ɗebo ƙasa daga juji ko gefen garejin masu gyaran batirin mota, saboda gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ruwan kwata da na masai kuwa hanyar kwalara da taifot ce. Ruwan alwala da wanda aka wanke shinkafa sun wadatar. A kuma rufe randar ban-ruwa don kada ta zama gidan sauro.

Idan ƙwari suka sauka, a daka ganyen darbejiya a jiƙa shi ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Toka ma tana taimakawa. Kada a kusanto da fiya-fiya ko Sniper wajen abin da za a ci.

Abin da zai sa lambun ya ɗore shi ne a sa yara a ciki. A ba kowane yaro buhunsa, shi zai ba shi ruwa kafin ya tafi makaranta, shi zai tsinko idan ya nuna. Kaka ta nuna musu yadda ake barin kuɓewa ta bushe a jikinta don a sami iri, maigida ya kafa shinge saboda awaki da kaji.

Maigida da uwargida, kada ku jira damina. Ku nemo buhu biyu da irin alayyafo, ku fara a wannan makon.